Babi na 6: Wa ya hana ka buɗe fayil ɗinka?

Duk wanda ya fara koyon Unix, cikin umarnin da yake fara haddacewa akwai `chmod 600`. Abin da yake nufi shi ne mai fayil kaɗai zai karanta, shi kaɗai zai rubuta, sauran jama'a su kauce. A kan Linux da zarar ka buga shi magana ta ƙare. A cikin Cygwin kuwa, wato manhajar da ke shimfiɗa wa mutum yanayin Unix a kan Windows, kana iya buga shi ya karɓa bai ce uffan ba, ka sake dubawa da `ls -l` ka tarar izinin yana nan yadda ka same shi, ko ya canza rabi ya bar rabi. Daga nan `ssh` ya ƙi karɓar mabuɗinka na sirri, ya cika allo da gargaɗi cewa wasu ma suna iya karanta shi. Wani lokacin kuma akasin haka ne: fayil naka ne, sunanka ne a jikinsa, haruffan izini sun nuna kana da ikon komai, amma da ka taɓa shi sai a ce maka `Permission denied`.

Abin da mafi yawan mutane ke yi a wannan gaɓa shi ne su buga `chmod -R 777` a kan foldar gaba ɗaya. Ina roƙon mai karatu ya ɗaga hannunsa daga kan wannan umarni har ya kai ƙarshen babin nan. Sau da yawa ba ya gyara komai, kuma ɓarnar da yake bari a baya ta fi wadda aka zo gyarawa.

Tushen matsalar tsoho ne. Unix, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka fara a Bell Labs a 1969, ya raba duniya gida uku: mai fayil, rukunin da fayil ɗin yake ƙarƙashinsa, sai kowa da kowa. Kowane gida yana da izini uku: karatu, rubutu, da gudanarwa. Uku sau uku tara, su ne haruffan nan `rwxr-xr-x`. Karatu 4 ne, rubutu 2, gudanarwa 1, shi ya sa 6 ke nufin karatu da rubutu, 7 ke nufin duka. Akwai kuma wata ƙa'ida da mutane ke mantawa, alhali ita ce za ta bayyana mana rabin rikicin da ke gaba: Unix gida ɗaya tak yake sa ka. In kai ne mai fayil, haruffa ukun farko kaɗai suka shafe ka, ko da rukuni ya fi ka samun izini, ko da kai ma ɗan rukunin ne.

Windows NT, wanda ya fito a 1993 ƙarƙashin jagorancin Dave Cutler, tare da tsarin ajiyarsa NTFS, ya bi wata hanya dabam. Kowane fayil yana ɗauke da jerin izini, ACL, kuma jerin yana iya zama layi biyu ko layi ashirin. Kowane layi yana ambaton mutum ko rukuni, ya ce an ba shi kaza ko an hana shi kaza. Izinin ma ba uku ba ne: gogewa daban take, ƙara rubutu a ƙarshen fayil daban, canza jerin izinin daban, karɓe mallaka daban. Windows yana karanta jerin ne kamar maigadi da littafinsa a bakin ƙofa. Yana bi daga sama zuwa ƙasa, duk layin da ya ambace ka ko wani rukuni da kake ciki sai ya tara maka abin da aka ba ka, har abin da ka nema ya cika ya buɗe. In ya ci karo da layin hani a kan abin da bai riga ya ba ka ba, nan take ya rufe littafin.

A tsakanin waɗannan biyu Cygwin yake zaune. Steve Chamberlain ne ya fara shi a kamfanin Cygnus Solutions a 1995, kamfanin da daga baya ya koma hannun Red Hat, kuma Corinna Vinschen ce ta yi shekaru tana riƙe da ɓangaren tsaronsa. Zuciyarsa fayil guda ne, `cygwin1.dll`. Idan `bash` ko `ls` ko `chmod` suka nemi wani abu irin na Unix, wannan fayil ne yake juya buƙatar zuwa abin da Windows ya sani. Cygwin ba shi da ikon buɗe wa kowa fayil ko hana shi. Windows ne mai yanke hukunci, kullum. Haruffa taran da `ls -l` ke nuna maka taƙaitawa ce da Cygwin ya yi bayan ya karanta dogon jerin, kuma `chmod` roƙo ne yake aikawa a sake rubuta jerin yadda zai yi kama da abin da ka nema. Wanda ya riƙe wannan, ya san inda zai duba idan abu ya ƙi.

Tambayar farko ba a kan fayil take ba, a kanka take. Buga `id`. Windows bai san ka da suna ba, da lamba ya san ka, SID, doguwar lamba mai farawa da `S-1-5-21` wadda ke ƙarewa da wata 'yar lamba kamar 1001. Cygwin yana ƙara 196608 a kan wannan ta ƙarshen idan asusun na kwamfutar ne ita kanta, shi ya sa mutane da yawa ke ganin lambarsu 197609, rukuninsu kuma 197121, wanda ake kira None. Tun sigar 1.7.34 ta 2015 kai tsaye Cygwin ke tambayar Windows wannan bayani, ba ya buƙatar `/etc/passwd` da `/etc/group`. Amma in tsofaffin fayilolin nan suna nan, yana karanta su, kuma in an kwafo su daga wata kwamfuta za su riƙa ba shi labarin mutanen da ba su wanzu a nan. Matsar da su gefe, a rufe duk tagogin Cygwin a sake buɗewa, yana warware rikici mai yawa.

Wannan batu na lamba shi ne ke cizon duk wanda ya kai kwamfuta wajen mai gyara aka yi mata fomatin, ko ya cire faifan tsohuwa ya jona a sabuwa. Ka sake buɗe asusu da sunanka na da, harafi da harafi, amma SID sabuwa ce. A wurin Windows kai baƙo ne, mai fayilolin nan wani ne da ya ɓace. A cikin `ls -l` za ka ga `Unknown+User` da `Unknown+Group` a gurbin suna. A nan `chmod` ba zai yi aiki ba, domin ba ka da ikon canza izinin abin da ba naka ba. Sai ka fara karɓe mallaka, da `takeown /F` na Windows ko `chown` na Cygwin, daga tagar da aka buɗe da ikon admin.

Ikon admin ɗin ma yana da nasa tarko. Tun daga Windows Vista, ko da asusunka na admin ne, manhajojin da ka buɗe da dannawa ta yau da kullum suna gudana ne ba tare da wannan iko ba. Ka duba sakamakon `id`: in babu rukuni mai lamba 544, wato Administrators, to a wannan taga kai mutum ne kamar kowa. In ka buɗe tagar da ikon admin, Cygwin yana kunna gatan da Windows ya tanadar wa manhajojin adana kwafi da maido da shi, sai ka iya karanta kusan komai ka rubuta a kusan ko'ina. Shi ya sa ake yawan jin mutum yana cewa jiya ya yi, yau ya ƙi. Jiya tagar admin ce. Ina ba da shawara kada a mayar da ita wurin aikin kullum, domin fayilolin da aka ƙirƙira a cikinta wani lokaci suna fitowa mallakar rukunin Administrators, gobe kuma su ƙi buɗuwa a tagar da aka saba.

Bayan ka san ko kai wane ne, sai ka duba inda fayil ɗin yake zaune. Buga `mount`. Filash da katin memori yawanci FAT32 ne ko exFAT, kuma waɗannan ba su da wurin ajiye mai fayil ko jerin izini ko kaɗan. Abin da suke da shi alama ce guda mai cewa fayil na karatu ne kawai. A kansu Cygwin ƙirƙirar amsa yake yi: duk wanda ya duba, shi ake nunawa a matsayin mai fayil, kuma ana ɗaukar fayil a matsayin abin gudanarwa in sunansa ya ƙare da `.exe` ko in ya fara da `#!` ko `MZ`. Ko sau ɗari ka buga `chmod 600` a kan filash, babu inda za a rubuta shi. Mabuɗin sirri ba ya zama a irin wannan wuri.

Ko a kan NTFS ma ana iya samun haka, in an ɗora faifan da zaɓin `noacl`, wanda ke gaya wa Cygwin ya daina karanta jerin izini ya daina rubuta shi. Wannan shi ne halin MSYS2, wanda reshe ne daga Cygwin, da kuma Git Bash da ke zuwa tare da Git na Windows: tun daga masana'anta a kan `noacl` suke. Dubban mutane suna buga `chmod +x` a Git Bash suna mamakin abin da ya sa rubutunsu ya isa saba ta Linux ba ya gudana. In abin da kake so shi ne Git ya rubuta cewa fayil na gudanarwa ne, gaya masa kai tsaye da `git update-index --chmod=+x`. In kuma Git yana ta nuna maka fayiloli sun canza alhali izini ne kawai ya bambanta, `git config core.fileMode false` zai sa ya daina. Akwai kuma wani ƙaramin abu da ke ruɗa ko ƙwararru: in ka ba umarnin Cygwin adireshi irin na Windows, mai farawa da `C:\`, yana ɗaukar sa a matsayin `noacl`. Fayil guda, ka tambaye shi ta `C:\aiki` ka kuma tambaye shi ta `/cygdrive/c/aiki`, kana iya samun amsa biyu.

Yanzu mu zo kan jerin shi kansa, inda mafi yawan aikin yake. Ka lura da ƙarshen haruffan izini a `ls -l`. In akwai alamar `+`, Cygwin yana gaya maka cewa akwai layukan da haruffa tara ba su iya ɗauka ba. `getfacl` zai nuna su a salon Unix, `icacls` kuma zai nuna su yadda Windows ke ganinsu, kuma shi na fi yarda da shi idan biyun suka saɓa. A sakamakon `icacls`, layin da ke da `(I)` gado ne daga foldar da ke sama. Unix bai san gado irin wannan ba. A wurinsa `umask` ne ke yanke izinin sabon fayil, galibi 022. A Windows kuwa folda ce ke ba 'ya'yanta abin da take da shi. Saboda haka fayil ɗin da Notepad ya ajiye da wanda `vim` na Cygwin ya ajiye, a folda ɗaya, a minti ɗaya, izininsu na iya bambanta.

Wannan gado ne ya jawo rikicin `ssh` da ya biyo bayan sigar 1.7.34. OpenSSH yana ƙin mabuɗin sirri in rukuni ko sauran jama'a suna da kowane irin izini a kansa. Daga waccan siga Cygwin ya fara shigar da izinin ƙarin layukan nan cikin haruffan rukuni, kamar yadda tsarin POSIX ya tanada. Mabuɗan da suka yi shekaru suna nuna 600 sai suka wayi gari suna nuna wani abu mai faɗi. Fayilolin ba su canza ba. Dama can akwai wasu da ke iya karanta su, rahoton ne ya fara faɗin gaskiya. Gyaran shi ne `setfacl -b`, wanda ke share ƙarin layukan, sannan `chmod 600`. A ɓangaren saba ma `sshd` yana duba foldar gidanka da foldar `.ssh`; in wani ban da kai yana iya rubutu a ciki, zai ƙi mabuɗin ya koma tambayar kalmar sirri, kuma ba zai gaya wa mai shiga dalili ba.

Akwai wuri guda da tsarin biyu ba sa jituwa ko an yi ƙoƙari, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. Ɗauki izini 656, wato `rw-r-xrw-`. Mai fayil yana karatu da rubutu, ba ya gudanarwa. Rukuni yana karatu da gudanarwa, ba ya rubutu. Kowa da kowa yana karatu da rubutu. A Unix wannan ba ya da wuya, tunda gida ɗaya ake sa mutum. A Windows, da yake tarawa ake yi, mai fayil zai samu gudanarwa ta hanyar rukuninsa, ɗan rukuni kuma zai samu rubutu ta hanyar layin kowa da kowa. Dole a sa layukan hani: a hana mai fayil gudanarwa, a hana rukuni rubutu. To amma mai fayil ɗan rukunin ne. In aka jera duk hani a sama, kamar yadda Microsoft ta fi so, hanin rukuni zai kama shi ya rasa rubutu a kan fayil ɗinsa. Mafita ɗaya ce: a hana mai fayil gudanarwa, a ba shi karatu da rubutu, sannan a hana rukuni rubutu, a ba shi nasa, a ƙarshe a ba kowa. Hani da bayarwa a cakuɗe.

Zuciyar Windows tana bin wannan jeri daidai, layi bayan layi, ba ta da matsala da shi. Explorer, manhajar duba fayiloli ta Windows, ne ke ƙorafi. Ka buɗe shafin tsaro na fayil ɗin sai ya ce izinin ba a jere yake daidai ba, ya miƙo maka maɓallin sake jerawa. Kada ka danna. In ka danna, duk hani ya koma sama, kuma kana iya fitowa ka tarar ba ka iya rubutu a fayil ɗinka. Haka nan tun sigar 2.4 ta 2016 za ka riƙa ganin wani layi mai suna `NULL SID`, lambarsa `S-1-0-0`. Ba ƙwayar cuta ba ce, ba kuma kuskure ba ne. Lamba ce da ba ta kowa ba, Cygwin yake amfani da ita ya ajiye bayanan Unix da NTFS ba shi da gurbinsu. A ganina injiniyoyin Cygwin sun yi gaskiya da suka zaɓi jeri mai aiki daidai a kan jeri mai faranta wa Explorer rai, ko da yake mai amfani ne ke shan tsoron gargaɗin.

Daga nan ake gane illar `chmod -R 777`. Yana bin kowane fayil da kowace folda ya sake rubuta jerinsu, ya ba duk wani asusu da ke kan kwamfutar ikon canza su, ya mai da takardu da hotuna abin gudanarwa, ya sa `ssh` ya ƙi mabuɗanka, ya sa Git ya ga canji a ko'ina. Bambancin da ke tsakanin fayil da fayil ya shafe, babu umarnin da zai dawo da shi. Kishiyarsa, `chmod -R 644`, tana da tata ɓarna: Windows yana buƙatar izinin gudanarwa a kan fayilolin `.dll` kamar yadda yake buƙata a kan `.exe`. Cire shi, manhaja ta ƙi tashi da lambar kuskure `0xc0000022`. Irin wannan ne ke faruwa ga manhajar da aka sauke da `wget` ko aka warware da `unzip` a cikin Cygwin: ta sauka lafiya, amma ba a ba ta izinin gudana ba, sai an bi ta da `chmod +x`.

In ɓarna ta riga ta auku a foldar aikinka, `icacls` tare da `/reset /T` yana share abin da aka rubuta ya mayar da kowane fayil kan gadon foldar da ke samansa. Kafin kowane babban canji kuma, `icacls` yana da `/save` da `/restore`, waɗanda ke ajiye jerin izinin folda da duk abin da ke cikinta a fayil su maido da shi. Minti ɗaya ne aikin. Amma kada a kusanci `C:\Windows` ko `C:\Program Files` ko tushen faifan da ɗaya daga cikin umarnin nan, na Cygwin ko na Windows. Da yawa daga cikin fayilolin da ke can mallakar asusun Windows mai suna TrustedInstaller ne da gangan, kuma wanda ya karɓe su yakan ƙare da sake ɗora Windows.

Wani abin da ya kamata mai ajiye sirri ya sani: a Unix, in ka sa folda a 700, duk abin da ke cikinta ya ɓuya, domin sai an ratsa ta ake isa gare shi. Windows yana ba kowa gatan tsallake wannan bincike tun daga farko. Wanda ya san cikakken adireshin fayil yana iya buɗe shi kai tsaye in jerin fayil ɗin ya yarda, ko da foldar da ke samansa a kulle take. A kan Windows, fayil ɗin kansa ake kullewa.

Saura rukunin matsalolin da suke sanye da rigar izini alhali ba izini ba ne. Windows yana barin manhaja ta riƙe fayil ta hana kowa taɓa shi, abin da Unix bai saba da shi ba. Excel da ya buɗe takarda, manhajar kariya daga ƙwayoyin cuta da ke tsaka da bincike, OneDrive da ke ɗora kwafi, duk suna iya sa `mv` ko `rm` ya gaza, wani lokaci da `Device or resource busy`, wani lokaci da `Permission denied`. Alamarsa ita ce kuskuren yana zuwa yana tafiya. Jerin izini ba ya canza ra'ayi tsakanin minti da minti, saboda haka in umarni ya ƙi yanzu ya yi anjima, wani ne ke riƙe da fayil ɗin. Resource Monitor na Windows yana da wurin neman wanda ya riƙe. Masu Cygwin har jeri suke da shi na manhajojin da aka san suna shiga tsakani, suna kiransa BLODA. Tun 2017 kuma Windows 10 yana da wani tsaro da ke hana manhajojin da bai amince da su ba rubutu a foldoji irin su Documents da Pictures. In an kunna shi, `icacls` zai nuna komai lafiya amma rubutu ya ƙi, sai an shiga saitin Windows Security an sa manhajar cikin waɗanda aka yarda da su.

WSL, wato yanayin Linux a cikin Windows da Microsoft ta fitar a 2016, ya gaji wannan matsala ta wata fuska. Fayilolin da ke cikin gidan Linux ɗinsa izinin Unix na ainihi suke bi. Waɗanda ke ƙarƙashin `/mnt/c` kuwa galibi 777 suke nunawa, kuma `chmod` ba ya zama a kansu sai an sa zaɓin `metadata` a `/etc/wsl.conf`. Ko an sa, ajiye lambobin kawai ake yi a gefen fayil don Linux ya gani. Jerin Windows yana nan, kuma in ya hana, an hanu.

Tsarin da na fi ganin yana kawo zaman lafiya a Cygwin shi ne a raba yanki. Foldar gida da duk abin da ke ƙarƙashin tushen Cygwin a bar su da cikakken ACL, domin a can `ssh` da makamantansa ke buƙatar izini na gaske. Faifan Windows, inda Word da Excel da abokan aiki ke shiga da fita, a ɗora shi da `noacl`, Cygwin ya bar gadon foldoji ya yi aikinsa. Layi ɗaya ne a `/etc/fstab`:

`none /cygdrive cygdrive binary,noacl,posix=0,user 0 0`

Ba zai fara aiki ba sai an rufe duk wani abu na Cygwin da ke gudana, har da `sshd` da `ssh-agent` in suna ɓoye a baya. Kuma ba ya gyara jerin da aka riga aka rubuta a kan tsofaffin fayiloli; waɗannan sai an bi su da `icacls /reset`, folda bayan folda, bayan an ajiye kwafin izininsu.